Na san bugun zuciyar dokina, ban san nawa ba

Tun ina ɗan shekara 12 nake barga. Na fara da kwashe kashin doki da ɗebo ruwa da yanka harawa, daga nan aka soma ɗora ni in kai dawaki motsa jiki da asuba, har maigidana ya ga ƙafata ta zauna a likkafa ya ce in shiga sukuwa. Yau shekara 14 ke nan ina joki, wato mahayin dokin tsere. Na yi gudu a filin sukuwa na Kano ba adadi, na je Katsina da Zariya da Bida, na tsallaka Maraɗi da Damagaram. Tun da labari ya bazu cewa na faɗi har an kai ni wajen likitan zuciya, kusan kowane mako sai wani abokin hawa ya ja ni gefe ya ce, "Wai ni ma ƙirjina yana min wani abu, ta ina ka bi?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure a bakin turke. Ga shi nan tun daga tushe, har da wautar da na tafka a hanya, wadda ta ci min wata guda da kuɗin da ba ni da su.

Sai na fara da maganar nauyi, don daga nan komai ya taso. Idan ba kakar tsere ba, ina cin tuwona ina shan furata, kilo 61 nake. Mai doki kuwa ba ya son ya ga joki ya wuce 54 ko 55 a sikeli, ga yara 'yan shekara 17 a bayanka waɗanda iska ma za ta iya ɗauka, suna jira ka yi ƙiba su karɓe linzamin. To kilo 6 ko 7 ɗin nan dole su tafi, kuma cikin kwanaki. Kowa a barga ya san yadda ake yi, ba a dai faɗa a gaban baƙo. Ka daina cin abincin kirki, ka danne yunwa da goro da baƙin shayi, wasu da sigari. Ka naɗa leda a jiki, ka ɗora rigar sanyi biyu ka yi gudu da tsakar rana, ko ka shiga mota a rufe gilasai ka zauna har gumi ya taru a takalminka. Ruwa sai dai ka kurkure baki ka tofar. Idan duk da haka sikeli ya ƙi, sai ƙwayar fitsari, wadda a asibiti ake kira furosemaid, mu kuma Lasix muka sani. A wajen dawaki na fara ganinta, don ana yi wa dokin da ke haɓo bayan gudu allurarta. Ƙwaya biyu da daddare, ka kwana kana zaryar bayi, gari ya waye ka sauke kilo ɗaya da rabi. Shekara 5 ina shanta duk kakar tsere, kuma ban taɓa lissafa ta cikin magani ba. A wajena kayan aiki ce, kamar bulala.

Ranar da abin ya faru bazara ce, irin zafin Afrilun nan da ƙarfen likkafa ke ƙuna ta cikin takalmi. Tsere biyu gare ni a wani gari, na mita 1,200 da na 1,600. Na sha ƙwaya biyu da daddare, na ƙara ɗaya da safe don sikeli ya nuna 55 da ɗoriya. Na farko ya wuce lafiya, sai dai jijiyoyin ƙafata suna ta ƙullewa. A na biyu ina kan wani akawal ɗan Sudan mai ƙarfin baki. Da muka karya kwanar ƙarshe sai na ji kamar an saki tantabara a cikin rigata, ta yi fiffike, ta tsaya cak, ta sake. Na uku na zo. Na sauka, na kwance sirdi na rungume zan koma sikeli, sai na ga mutane sun yi baƙi-baƙi, hayaniya ta yi nisa. Na farka a ƙasa ana sheƙa min ruwan leda a ka, wani yana fifita da kwali, wani yana tofi. Ba likita a filin, ba motar asibiti. Likitan dabbobi ne kaɗai, shi ya kama wuyan hannuna ya ce bugun ba ya tafiya daidai, in nemi asibiti. Na ce to, na shanye ruwa leda shida, na ji garau, muka loda dawaki muka kamo hanya.

A gida kowa da fassararsa. Inna ta ce baki ne, tunda na ci tsere biyu a jere kafin wannan, ta aika aka karɓo rubutu. Na sha, ban raina ba. Maiɗakina ta ce yunwa ce, kuma ita ta fi kusa da gaskiya. Ni kuma na nufi kemis ɗin unguwa. Mai kemis ya ɗaura min abin awo a damtse ya ce jinina bai hau ba, ƙasa ma ya yi, olsa ce ke taso min, ya haɗa min magani na naira 3,500. Kwana 9 ina sha tantabarar tana nan. Ta fi zuwa da daddare idan na kwanta ta gefen hagu: bugu, bugu, shiru, sai wani bugu mai nauyi kamar an doki ƙofa. Daren da na tashi zaune ina salati maiɗakina tana kuka, shi ne na yarda zan je asibiti.

Na je babban asibitin gwamnati ranar Litinin, ranar da kowa ke kawo ciwon da ya tara tun Juma'a. Na isa ƙarfe 8 ina ganin na yi sammako, ashe masu lamba tun bayan sallar asuba suke nan. Ka fara biyan kuɗin kati a wata taga, ka kai rasit wata tagar a rubuta sunanka, sannan ka koma benci ka jira nas ta kira ka awo. Ba mai gaya maka wannan jerin. Minti 40 na yi a layin da ba nawa ba kafin wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, ina katinka?" Nas ta auna ni, ta dubi na'urar, ta sake aunawa, ta ce bugun zuciyata 52 ne a minti, ko ina jin jiri? Ran nan ne na fara jin lambar bugun zuciyata tun da aka haife ni. Na akawal ɗin kuwa na san shi kamar sunana, 36 idan yana hutawa, don kullum da safe sai na sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na ƙirga. Sai wajen ƙarfe 1 na ga likita, saurayi, a gajiye, ga mutum fiye da 30 a bayana. Ya tambayi sana'ata, ya saurari ƙirjina, sannan ya ce, "Kana shan wani magani?" Na ce na olsa. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ko kunya ce, ko tsoron kada ya hana ni hawa, oho. Wannan ƙaryar dai ita ta ja min duk wahalar da ta biyo baya.

Ya rubuta min ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, da gwajin jini. ECG ba abin tsoro ba ne, ko da yake ni na zaci lantarki za a jona min. Ka cire riga ka kwanta, a manna maka wayoyi 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, ka yi shiru kamar minti ɗaya, takarda mai zane-zane ta fito. Naira 5,000 na biya. Gwajin jinin kuwa da na ji 9,000 ne, sai na ninke takardar na cusa a aljihu, na ce ciwon da ke ƙirji me ya haɗa shi da jini. Washegari na koma wa likitan da ECG. Ya nuna min wasu wurare da layin ya yi tsalle mai faɗi daban da 'yan uwansa, ya ce wannan bugu ne da ke shigowa kafin lokacinsa, kuma tsayin layukan yana nuna kamar naman zuciyar ya yi kauri. Ya ce abin ya wuce teburinsa. Ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, ya ce kada in hau doki sai likitan zuciya ya gan ni. Da ya tambayi sakamakon jini na ce bai fito ba. Maganar kaurin nan ce ta tsaya min a rai, har na wuce layinmu a adaidaita sahu ina lissafin 'ya'yana uku.

A asibitin koyarwa katin wancan asibitin ba ya aiki, sabon fayil za ka buɗe. Ka je da takardar turawa ta asali, ba hotonta a waya ba, kuma ka yi wa takardar ECG fotokwafi tun ranar farko, don rubutunta yana dusashewa idan ta sha zafin aljihu. Masu fayil suka tura ni wajen biya, wajen biya aka ce netwok ya ɗauke, na zauna awa biyu. Da aka buɗe fayil ɗin sai aka ce kilinik ɗin zuciya ya cika har mako uku, aka rubuta min rana a bayan kati. Na tambayi ma'aikacin, idan abin ya taso kafin nan fa? Ya ce in ka suma, ko numfashi ya gagara, ko ƙirji ya riƙe, kada ka jira ranar, ka wuce emajensi kai tsaye, ta can ma an fi saurin kira maka likitan zuciya. Shi kaɗai ne ya ɗago kai ya dube ni duk yinin, Allah ya saka masa.

Mako ukun nan ban shiga tsere ba, amma ban daina ƙwayar ba. Ga lissafin da na yi, kuma na san duk jokin da ke karantawa zai gane shi: akwai babban tsere nan da wata guda, idan likita ya sallame ni na tarar na koma 61, an ba wani dokina. Saboda haka duk bayan kwana biyu sai in jefa ɗaya don in riƙe nauyi. Ina jiran likitan zuciya, ina kuma rura wutar da hannuna.

Ranar kilinik na isa ƙarfe 6 da rabi na sami lamba 11. Yawancin mutanen bencin dattawa ne masu kumburin ƙafa, sai mata masu jego da zuciya ta kumbura musu bayan haihuwa. Ni kaɗai ne siriri kamar karan dawa a tsakaninsu, suna ta kallona ko rakiya na yo. Likitar da ta gan ni mace ce, ba ta da garaje. Ta tambaya ko a danginmu an taɓa yin wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, a filin ƙwallo ko a barci ko a ruwa. Na ce babu. Ko ina shan taba, ko tiramol, ko lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari. Na amsa mata. Sai ta dubi nauyin da nas ta rubuta, 56, ta ce, "Malam, idan ba ka tsere kilo nawa kake?" Na ce 61. "Ranar tsere fa?" Na ce 54. Ta ajiye biro ta ce, "To kilo 7 ɗin nan ta ina suke fita?" Na yi shiru ina kallon silifas ɗina. Ta ce ita ba 'yar sanda ba ce, ba kuma mai doki ba. Na zaro sauran katin ƙwayar na ɗora a teburin, haɗe da takardar gwajin jinin da na ninke tun wancan asibitin, duk ta yi laushi. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta buga wa takardar hatimin gaggawa ta ce in tafi ɗakin gwaji yanzu, kuma kada in bar asibitin.

Bayan awa uku sakamako ya fito. Akwai wani gishiri a jini da ake kira fotasiyam, wanda ya kamata ya zauna tsakanin 3.5 da 5.0. Nawa 2.9 ne, awon ƙoda ma ya ɗan haura. Ta juya bayan takarda ta zana min. Zuciya da lantarki take aiki, kowane bugu akwai tartsatsin da ke tayar da shi, kuma fotasiyam da maganiziyam suna cikin masu daidaita wannan tartsatsin. Ƙwayar fitsari ba ruwa kaɗai take kora ba, da gishirin nan take tafiya. Gumi ya ɗebi nasa, yunwa ta hana a mayar. Ruwan jiki ya ragu, jinin da ke zagayawa ya ragu, dole zuciya ta ƙara sauri kafin ta kai abin da take kaiwa a da. A haka kuma ka hau doki ka nemi ta yi aikin da ya fi kowanne nauyi. Ta ce sau da yawa abin yana tsayawa a irin tsallen da nake ji, amma akwai ranar da tsallen kan zarce, zuciya ta rikice ta daina tura jini sam, kuma wannan mintuna kaɗan ne mutum ya tafi. Aka ba ni gado na kwana ɗaya. Ƙarin ruwan fotasiyam ba a sakinsa da gudu, a hankali yake ɗiga, kuma yana da raɗaɗi a jijiya kamar an zuba barkono. Kada ka roƙi nas ta ƙara masa sauri, ba za ta yi ba, kuma gaskiyarta. Gado da magani da gwaji biyu suka tashi kusan 40,000, ni da na guje wa 9,000.

Kafin a sallame ni ta gargaɗe ni da wani abu da ya kamata kowane mai shan ƙwayar nan ya sani. Wanda ya daɗe yana shanta idan ya daina, jikinsa kan riƙe ruwa na ɗan lokaci, ƙafa da fuska su kumbura. Haka kuwa aka yi. Cikin mako guda na haura 63, takalmina ya ƙi shiga. Da ba ta faɗa min ba wallahi da na koma kemis a daren. Na daure, bayan mako biyu kumburin ya saɓe da kansa.

Saura maganar kauri. Wannan sai hoton zuciya da suke kira eko, irin sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu amma a ƙirji. Ranar da aka ba ni a asibitin mako biyar ce gaba, a waje kuma kwana biyu ne, kuɗin ya kusa ninki. Maiɗakina ta sayar da tunkiyarta, na biya 35,000. In za ka yi a waje, ka roƙi likitanka ya rubuta maka wuraren da ya yarda da aikinsu, ka kuma tabbatar likitan zuciya ne zai karanta hoton, don na ga wani bawan Allah a benci da aka ce ya sake nasa. Ka kwanta ta gefen hagu, a shafa maka wani mai mai sanyi, a dinga danna wani abu tsakanin haƙarƙarinka har kusan minti 30. Na leƙa allon na ga tsokar tana buɗewa tana rufewa, da ya kunna sautin kuma sai na ji kamar doki yana tafiya cikin laka.

Gwaji na ƙarshe shi ne na'urar da ake kwana da ita, Holta. Kamar ƙaramar rediyo take, a rataya maka a ƙugu, wayoyinta a manne a ƙirji, tana naɗar kowane bugu har awa 24. Na biya 30,000, na bar katin ɗan ƙasa jingina. Ba wanka ranar, alwala kuwa ba matsala in ka kiyaye ruwa. Za a ba ka takarda ka dinga rubuta lokacin duk abin da ka yi da duk abin da ka ji. Likita ta ce in yi harkokina na yau da kullum ban da doki, ni kuma kunnena ya ji farkon maganar ya bar ƙarshenta. Da asuba na je barga, na tarar yaron da aka ba akawal ɗin yana ta fama da bakinsa, na ce sauko in nuna maka. Niyyata sassarfa ce, amma doki ya ji tsohon hannu ya nema, na sakar masa kamar mita 800. Na sauka na rubuta a takardar: 6:40, doki. Ban ba kowa shawarar wannan ba. Wanda ya suma wata biyu da suka wuce ba shi da hurumin hawa, rabo ne kawai ya sa na sauka da ƙafata.

Ranar komawa ta baje takardun uku a gabanta. Eko ya nuna bangon zuciyar bai wuce iyakar lafiya ba, ɗakunanta sun ɗan buɗe irin yadda ake gani a wajen 'yan wasa, ƙarfin turawarta daidai. Ba irin kaurin nan na gado ba ne da ke kayar da matasa a filin ƙwallo. Dogayen layukan ECG kuwa ta ce siririn mutum kan nuna haka, don ba kitse tsakanin zuciyarsa da wayar. Na sauke wata ajiyar zuciya da ita kanta sai da ta ji. Holta ya nuna cikin barci bugun yana sauka 44, tsallen nan ya ragu sai jefi-jefi tun da gishirin ya dawo. Sai ta ɗora yatsa a wani wuri ta ce, "Dokin nan na 6:40, tafiya yake ko gudu?" Bugu 181 a minti. Nan kam na sha faɗan da ban sha ba ran farko. Da ta huce ta ce tunda na riga na yi, bari mu amfana da shi. Mutane suna ganin doki ne ke gudu joki yana zaune, alhali a tsugune kake kan likkafa, cinya da baya da kafaɗa duk a ɗaure, kana riƙe da dabbar da ta haura kilo 400, ga fargaba tana ƙara ingiza zuciyar. Ta ce an auna mahaya a Ingila da Ayalan ana cikin tsere, bugunsu yana kaiwa 180 zuwa 190. Lissafin da ake yi a ƙiyasce shi ne ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kusan iyakar gudun zuciyarka. Ni mai 31 iyakata 189 ke nan. Wato duk tseren da na hau, dab da bango nake kai ta. Lafiyayyar zuciya mai ruwa da gishirinta tana ɗaukar wannan, ƙarfi ma take ƙarawa, 52 ɗin da ya sa nas sake awo daga nan ya samo asali. Ba hawan ne ya kusa kashe ni ba, a busasshe nake hawa.

Da na ba ƙanena da ke jami'a labari, sai ya nuno min wani abu a waya. A 1923, a filin Belmont Park da ke New York a Amurka, wani mahayi mai suna Frank Hayes ya cika a kan sirdi ana tsakiyar tsere, gawarsa ba ta faɗo ba har dokin, Sweet Kiss, ya zo na ɗaya. Sai da aka je yi masa barka aka tarar ba rai. Zuciya ce, kuma jaridun lokacin sun ce ya sauke nauyinsa daga kusan kilo 64 zuwa 59 cikin ɗan lokaci don ya samu hawan. Kilo 5 ke nan, ni 7 nake saukewa. A Ingila yanzu ƙwayar fitsari haramun ce ga joki, ana gwada fitsarinsu, a 2021 ma suka yanke shawarar cire ɗakunan gumi daga filayen tsere, kuma ba a tashin doki sai da likita da motar asibiti a wurin. Mu a nan dokin da ya yi tari sau biyu an kira masa likita kafin azahar, wanda ke kansa kuwa sai kwali da ruwan leda.

Sharuɗan da ta gindaya min su ne wata uku ba tsere, gwajin jini sau biyu a tsakani, kuma kada in sake sauka ƙasa da 58. In zan rage nauyi in fara tun da wata biyu, rabin kilo a mako, da abinci da motsa jiki, ba da ruwa ba. Ta lissafa min wake da dankalin Hausa da alayyafo da ayaba da dabino da nono. Ta kuma ja kunnena kada in sayi ƙwayar fotasiyam a kemis in ce zan dinga haɗawa da ta fitsari, don yawansa ma yana tsayar da zuciya, musamman ga wanda ƙodarsa ta taɓu.

Zuwa wajen Alhaji mai dokin ya fi min layin asibiti wuya. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, likita ta ce 58." Ya dube ni ya ce, "58? Ai ka zama buhu." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya yi shiru can, ya zaro 20,000 ya ba ni ya ce Allah ya ƙara sauƙi, in dinga fitar da dawaki da safe ina koya wa yara, in an sami tseren da nauyi ya ba da dama zai tuna da ni. Akawal ɗin dai ya tafi hannun yaron. Ba zan ce abin bai yi min ciwo ba.

In na haɗa komai ban da kuɗin mota, na kashe fiye da 130,000 cikin wata biyu da rabi, ba ni da inshorar lafiya, kuma farashin nan na lokacin da na yi ne, ka tafi da ƙari. Da zan sake bin hanyar, kemis ba ya ciki. Zan je asibiti ranar Talata ko Laraba da asuba, da katin duk abin da nake sha a hannuna, in zube shi a teburin likitan farko kafin ya tambaya. Zan nemi ECG da gwajin gishirin jini da na ƙoda a rana ɗaya, don su ne masu araha kuma su suka kama ɓarawon, eko da Holta shaida kawai suka ba da. Zan tafi da wani, don akwai layin da sai an riƙe maka kana can wajen biya. Wanda kuma ya suma a kan doki ko da saukarsa, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko akwai mutuwar fuju'a a gidansu, wannan ba mai jiran ranar kilinik ba ne, emajensi zai nufa a ranar.

Makon jiya ina gyara kayan hawa na ga katin ƙwayar a aljihun rigar yaron nan, saura huɗu a ciki. Shekararsa 17, kilo 52 yake, ban ma san abin da yake saukewa ba. Na kama wuyan hannunsa na ƙirga, na ce ranar Laraba ƙarfe 6 zan raka shi, kuɗin ECG a wuyana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To Yaya, amma bari a dawo daga Katsina tukuna."